Yadda Muke Koya wa Manya Turanci Daga Nesa

Ɗalibanmu ba yara ba ne. Akwai direba, akwai ma'aikaciyar jinya mai shirin IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, akwai dattijon da ya gaji da kiran ɗansa ya karanta masa takardun ciniki. Yawancinsu ban taɓa ganinsu ba sai ta fuskar waya. Mu huɗu ne malamai, ba aji, ba allo.

Babba ba wahalar karatu ke korarsa ba, kunya ce. Mutumin da ake ganin girmansa a gida da wurin aiki, ka tsayar da shi gaban mutum ashirin harshensa ya karye a yi dariya, to ka yi bankwana da shi. Shi ya sa ginshiƙin aikinmu saƙon murya ne ta WhatsApp. Ɗalibi ya naɗi minti ɗaya cikin dare bayan yara sun yi barci, ya goge, ya sake, har ransa ya kwanta. Ni kuma in saurara sau biyu, na farko don in ji abin da yake nufi, na biyu don in kamo kuskure. Kuskure biyu kacal nake gyarawa, ko da goma ne. Wanda ka zube wa goman ba zai ƙara turowa ba.

Wannan a wurin tsohon malamina na ɗauko. Ranar da ya fara zama a ajina yana kallo, na yi ta zuba bayani ina jin kaina. Da muka fito sai ya nuna mini agogo ya ce, "Kai ka yi minti arba'in, su sun yi biyar. To wa ya zo koyo?" Har yau idan na buɗe Zoom sai na tuna. Ni kaina da rediyo da kaset na gyara bakina, darussan BBC, waɗanda suka fara koyar da Turanci ta rediyo tun 1943.

Kafin mu karɓi kowa sai mun auna shi da ma'aunin iya harshe da Majalisar Turai (Council of Europe) ta fitar a 2001, matakai shida daga A1 zuwa C2. Darussa da aikin gida suna kan Moodle, wata manhajar karatu ta intanet, kuma muna matse bidiyonmu ya zama ƙarami saboda mai raunin intanet. Kalmar da aka koya yau za ta dawo gobe, ta dawo bayan mako, ta sake dawowa bayan wata, domin tun 1885 wani masani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna cewa a farkon kwanaki mantuwa ta fi cin abin da aka haddace.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: masu "Turanci cikin kwana talatin". Su buɗe rukuni, su tara mutum ɗari biyar, su watsa takardun da suka kwaso a intanet, shi ke nan. Wani har bidiyona ya ɗauka ya yanke sunanmu. Sai ɗalibi ya zo yana taya karatunmu kamar a kasuwa, wai can ya fi araha. Ina ce masa ya je, arha ba ta ado. Bayan wata biyu ya dawo, kai cike da dokokin nahawu, baki kuwa a kulle.

Direban nan da na ambata daga irin wannan rukuni ya dawo mana, ba ya raba p da f. Na sa ya riƙe takarda gaban leɓensa a kyamara: in ya ce "pan" daidai iska za ta buga takardar ta yi tsalle, in "fan" ya faɗa sai dai ta ɗan motsa. Mako uku muna haka. Ranar da ta yi tsalle, tafin matarsa na fara ji daga bayan ɗakin.