Mako na uku da rumbun bayanan ƙungiyar manoman ƙauyenmu

'Yan uwa masu koyo, yau dai na samu kan wannan fayil ɗin. Shi ne wanda na ce muku ƙungiyar manoman ƙauyenmu, can bayan Ringim, ta ɗora mini: sunayen mambobi da bashin taki na shekaru, duk a cikin tsohon Access 97, manhajar Microsoft ta adana bayanai, mai wutsiyar .mdb. Shugaban ƙungiya ya ce a mayar da shi sabon tsari, .accdb, wanda ya zo da Access 2007.

Kuskurena na farko, na ɗauka kwamfutata za ta buɗe shi. Ashe daga Access 2013 aka daina karɓar fayilolin 97. Dole na aro wata tsohuwar laftof mai Windows XP da Access 2003, batirinta ya mutu, ba ta tashi sai na ja waya daga solar maƙwabcinmu bayan azahar. Kafin in taɓa komai na kwafi fayil ɗin a filashi biyu.

Fayil ɗin a kulle yake da kalmar sirri, amma ba ta ba ni wahala ba. Na je gaida tsohon sakatare, ya ɗauko littafin mitin mai baƙin bango, ya nuna mini ita a shafin ƙarshe, ya ce, "Ɗana, ga ta nan, tun zamanin da idona ke gani." Abin lura ɗaya: Access ba ya barin ka cire ta sai ka buɗe fayil ɗin ta Open Exclusive, wato kai kaɗai a ciki.

Na cire, na ɗauka an gama. Ina taɓa teburin bashi sai ya ce ba ni da izini. Kwana huɗu ina kai da komo kafin na gane ƙofa biyu ce. Wanda ya gina shi ya sa tsaron da ke ba kowane mutum nasa izini, sunaye da kalmomin shigarsu kuma suna zaune a wani fayil daban mai wutsiyar .mdw. Shi ne makullin gaske, ni kuwa na baro shi a tsohuwar kwamfutar ofis, ƙarƙashin buhunan iri. Allah ya taimake ni ɓera bai ci wayoyinta ba.

Da na samo shi, na buɗe Access da umarnin /wrkgrp mai nuna masa fayil ɗin .mdw da zai yi aiki da shi, na shiga da sunan sakatare tunda yana rukunin Admins, masu ikon ba da izini. Na ba rukunin Users, wanda kowa ke cikinsa, cikakken izini a kan komai, na goge kalmar sirrin Admin, sunan da Access ke shiga da shi kai tsaye. Daga nan na rufe, na koma System.mdw, fayil ɗin .mdw na asali da ke zuwa da Access, na buɗe sabon rumbu fanko na janyo komai ciki. Sai na mayar da shi tsarin 2002-2003, na kai kwamfutata na adana shi .accdb. Sabon tsarin ba ya ɗaukar wancan tsaro na mutum-mutum, don haka kalmar sirri guda na sa masa.

Saura sunaye. An rubuta su da tsohon salon haruffan Hausa, yanzu ƙ ta koma }, ɗ ta koma ]. Na gyara na harafin A zuwa D jiya da daddare kafin caji ya ƙare.