Abin da na koya a garejin AC kafin in tattara kayana

Na bar garejin da na koyi gyaran AC na mota. Ba a yaye ni ba, ni na yaye kaina, kuma tunda 'yan uwa makanikai sai kira suke suna tambaya wai me ya haɗa ni da oga, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya san layinmu ya san wajen.

Maganar ta faro ne daga wata Corolla 'yar Amurka ƙirar 2006, ta wani Alhaji da ke aiki a Jos iyalinsa kuma suna Kano. Ƙorafinsa biyu ne. Na farko AC baya sanyi kamar da. Na biyu wai duk sanda ya murɗa makunnin iska zuwa alamar gilashin gaba sai yaji kwamfreso, wato famfon da ke zagaya gas ɗin AC, ya ɗauka ƙas, injin ya ɗan sauke murya, alhali shi bai danna AC ba. Kun san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa kunnensa na kan injin, abu kaɗan ya motsa sai mutum ya fara lissafin lita. Oga ko bonet bai buɗe ba yace waya ce ta haɗe, in kwance wajen makunnan in cire ɗan switch ɗin da ke bayansu, sannan in yanke hita gaba ɗaya, wato in zare tiyo biyun da ke kai ruwan zafi cikin dashbod in haɗe su da guntun bututu, wai meye amfanin hita a Kano.

Nace oga don Allah a yi haƙuri, wannan ba matsala bace, haka kamfani ya yi motar. Kuma haka ne wallahi. Mutane sun ɗauka AC sanyi kawai yake bayarwa, alhali rabin aikinsa tsotse danshin iska ne. Iska in ta bi ta kan ibaporeta, wato ɓangaren AC mai sanyi da ke cikin dashbod, sai ruwan da ke cikinta ya kwanta a jiki, kamar dai yadda ledar fiya wata ke yin gumi in an fito da ita daga firij, ruwan ya bi tiyo ya ɗiga ƙarƙashin mota, shine wanda kwastoma ke zuwa a guje yana cewa motarsa na yoyo. Iskar da ta wuce ta zama busasshiya. Daga nan akwai wata 'yar ƙofa a cikin akwatin da ke tura ta ta kan hita, wanda shi kuma ƙaramin lagireto ne da ruwan injin ke ratsawa, ruwan da ke kaiwa wajen digiri 90 in injin ya yi zafinsa. Toh iska busasshiya mai ɗumi ita ke share tururin da ke kwanciya a cikin gilashi cikin ɗan lokaci. Shi yasa in ka murɗa zuwa gilashi motar ke kunna kwamfreso da kanta, wasu motocin ma har su buɗe ƙofar iskar waje don kada numfashin mutane ya yi ta zagayawa a ciki. AC da hita tare suke wannan aikin, ba kishiyoyi bane yadda ake ɗauka.

Ban ma kai rabin wannan bayanin ba oga ya katse ni a gaban Alhaji da yaran shago gaba ɗaya. Yace kai yaro, ni zaka koya wa AC, ko a wayar nan taka aka yaye ka? Aka kwashe da dariya. Alhaji ma yace ɗana ka bi maganar maigidanka mana. Na ɗauki sifana na yi abin da aka sa ni, aka ƙara gas ba tare da an nemi inda yake zurarewa ba, aka karɓi kuɗi.

Sai watan Agusta. Alhaji ya taso daga Jos da asuba da iyalinsa cike da mota, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ga sanyin Filato, gilasai duk a rufe. Kafin Saminaka gilashin gaba ya yi fari fat. Ya murɗa zuwa alamar gilashi, iskar da ta fito mai danshi ce tunda kwamfreso baya tashi, ya murɗa zuwa ja babu ɗumi tunda mun yanke hita. Da ya danna AC da hannunsa da abin ya ɗan yi sauƙi, amma wa ya gaya masa? Mu da muka ce masa tashin kwamfreson cuta ce muka yi mata magani. Kuma ko da ya danna, sanyi zalla ba ɗumi in ya daɗe yana bugun gilashi a irin wannan yanayin sai raɓa ta koma kwanciya ta waje. Ɗansa na gogewa da hula shi yana tuƙi, a haka suka zurma rami gefen titi. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo sosai, amma bamba da fitila ɗaya da kondensa, wato lagireton AC da ke gaban mota, duk sun tafi.

Da ya dawo garejin yana faɗa, don wani makanike a hanya ya nuna masa tiyon da aka haɗe, ina tsaye oga ya nuna ni yace ranka ya daɗe yaron nan ne da rawar kai, ni gas kawai nace ya ƙara. A gaban yaran da suka yi dariya ran nan, kuma ba wanda ya buɗe baki. Aka riƙa zare kuɗin kondensa daga ɗan abin da ake bani na sati. Asarar kuɗin ban damu da ita ba kamar kallon da Alhaji ya yi min, mutumin da ya ce min ɗana. Na zauna na gama biya saboda kada a ce na gudu da bashi, ina gamawa na yi sallama.

Ga masu tasowa, abin da zan ce kaɗan ne. In oga ya sa ka aikin da ka san ba daidai bane, ka sa ya maimaita umarnin da bakinsa a gaban kwastoma da wani babba a layin, yara ba sa shaida. Kada ka yanke hita don AC baya sanyi, ka fara duba 'yar ƙofar da ke raba zafi da sanyi ko ta maƙale, sai filtan cikin mota, don ƙurar hunturu kan toshe shi har iska ta kasa wucewa, kuma da yawan masu mota basu ma san akwai shi a bayan aljihun dashbod ba. Hita ana yanke shi ne in yana yoyo kuma mai mota bashi da kuɗin sabo, alamarsa gilashi na yin wani maiƙo-maiƙo da wari mai zaƙi, kafet ɗin gefen fasinja a jiƙe, kuma ko a nan ka gaya masa abin da ya rasa kafin damina.

Masu cire tamostat, wato abin da ke tare ruwan injin daga shiga lagireto har sai injin ya yi zafi, su ma su sani suna kashe hita ta bayan gida, injin baya kai zafinsa da wuri da safe, ga ƙarin shan mai. Gas baya ƙarewa haka kawai, in ya ragu akwai inda yake fita, kuma in ya yi ƙasa sosai na'urar da ke lura da matsin gas ke hana kwamfreso tashi, gilashi ma ba zai share ba. A yi bakyum, wato a zuƙe iska da danshin da ke cikin bututun AC, kafin a zuba, a zuba da awo yadda takardar da ke ƙarƙashin bonet ta ce, ƙananan motoci wajen rabin kilo ne, ba a yi ta ɗurawa sai bututu ya yi sanyi a hannu ba. Gas ɗin R134a daban, R1234yf na sababbin motoci daban, kada a gauraya don kwastoma na sauri.

Kuma a riƙa zaunar da mai mota minti biyu a nuna masa makunnan nan. Direbobi nawa ne a Kano ke goge gilashi da tsumma suna tuƙi cikin ruwa, ga AC lafiya lau a gabansu? Oga yana ganin wannan ɓata lokaci ne tunda ba a biya.

Yanzu ina 'yar rumfata, ba girma gare ta ba amma ba wanda ke sa ni yanke hita. Gejina na auna gas kuma, mai agogo biyu ja da shuɗi da na saya da kuɗin aljihuna, har yau yana rataye a shagon oga, wai sai ya duba ko na shago ne. Wanda ke kusa da shi ya taya ni tuna masa don Allah.