Awon tansiyo a bazarar Tahoua

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tahoua ke haura digiri 40, ba na yarda da awon tansiyo guda ɗaya. Nakan auna mutum a kwance bayan ya huta minti 5, in tsayar da shi, in sake aunawa a minti na 1 da na 3. Idan lambar sama ta faɗi da 2, misali daga 13 zuwa 11, ƙarancin ruwa nake fara tuhuma.

Ƙoda na tace kusan lita 180 a yini, amma fitsari lita ɗaya da rabi ne, saura jini take mayar wa. Masu ba ta umarni sinadarai ne da ke yawo cikin jini. In gumi ya yi yawa, wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa zai saki wani sinadari mai suna ADH, ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu ya koma kalar shayi. Ita ma ƙodar, da ta ji matsin jini ya sauka, sai ta fitar da nata sinadarin, renin. Shi ke yanka wani furotin da hanta ke yi, a ƙarasa aikin galibi a huhu, a sami anjiyotensin na biyu. Wannan ne ke tsuke jijiyoyi, ya tada ƙishirwa, ya sa ƙullutun da ke bisa ƙoda ya saki aldosteron mai riƙe gishiri. Ruwa kuwa gishiri yake bi.

A nan na koyi taka-tsantsan da masu hawan jini. Cikin ƙwayoyin da suke sha, kaftofril wannan hanyar ta renin yake toshewa, furosemid kuma zubar da ruwa yake. Mai shan su ya kamu da zawo ko amai a bazara, jikinsa ba shi da abin kare kansa. Ya ƙara da diklofenak na ciwon gwiwa, wanda ake saye a bakin kasuwa kamar alewa, jinin da ke shiga ƙoda ya ragu, fitsari ya ɗauke. Shi ya sa nake cewa tsofaffi: "Baba, ranar da zawo ya kama ka, zo da dukan ƙwayoyinka mu duba kafin ka sha." Ina haɗa su da ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A ranakun lafiya kuwa gishiri kada ya kai giram 5 a yini, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin.