Kafin Ku Tura Kuɗi Ga Shafin Da Ya Ce Na Hukuma Ne

Ƙannena matasan Nima da Mamobi da Madina, duk lokacin da aka buɗe ɗaukar sojoji ko 'yan sanda ko jami'an shige da fice a Ghana, shafukan bogi sukan cika Facebook da WhatsApp, ɗauke da tambarin hukuma da hoton shugabanta, suna alkawarin gurbi ta hanyar alfarma da ake kira furotokol.

Ni ma sun taɓa cin kuɗina. Wani dattijo da nake ganin girmansa ne ya turo sanarwar a rukunin WhatsApp na unguwarmu, sai na ɗauki yardar da nake yi masa na ɗora wa shafin, alhali shi ma turo masa aka yi. Da na zo biyan kuɗin fom ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, wayar ta nuna mini sunan wani mutum maimakon sunan hukuma. Na gani da idona, amma zumuɗin samar wa ɗan yayata aiki ya sa na danna PIN.

A kan wannan sunan nake so ku riƙa tsayawa, domin ɗan damfara yana iya satar tambari da hoto, har ya kwaikwayi Turancin ofis, amma dole kuɗin ya sauka a asusun da yake iya cirewa. In sunan mutum ya bayyana, ku soke biyan nan take.

Shuɗiyar alamar tantancewa da ke gefen sunan shafi ma kada ta ruɗe ku, tunda daga 2023 ana samunta da kuɗin wata-wata a Facebook da Instagram, haka ma a X, inda alamar gwamnati ruwan toka ce. Ku shiga bayanan shafin Facebook, za ku ga ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya canza. Shafin da ya fara da tallan atamfa ba zai wayi gari ya zama ma'aikata ba. Adireshin intanet na hukumomin gwamnati yakan ƙare da .gov.gh, na sojoji kuma .mil.gh, saboda haka ku rubuta shi da hannunku, kada ku bi wanda aka turo.

In kuma an riga an cuce ku, kada kunya ta rufe muku baki. Ku adana saƙon biyan da hoton shafin, ku kira kamfanin layinku, sannan ku kira 292, lambar Hukumar Tsaron Intanet da aka kafa ƙarƙashin dokar 2020. Ku kuma koma rukunin da sanarwar ta fito ku faɗa, cikin ladabi ga wanda ya turo, kafin wani ya biya.