Kaset ɗin Gwaggo da abin da na yanke a cikinsa

Ƙungiyarmu ta masu sha'awar kwamfuta ba ta da rajista, ba ta da allon suna a bakin ƙofa, kuma in ka ɗauke littafin da ma'aji yake rubuta kuɗin man janareta a ciki, ba ta da wata takarda. Muna haɗuwa ne kowace Asabar bayan la'asar a bayan shagon wani abokinmu mai buga takardu a wajen Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina, inda muka jera kwamfutoci 5, waɗanda 3 daga cikinsu na hannu ne da suka sha duniya kafin su iso gare mu. A cikinmu akwai malaman makaranta, akwai ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na kwalejin Hassan Usman Katsina, akwai tela ɗaya, sannan akwai wani dattijo da ya daɗe yana ɗaukar bidiyon bukukuwa tun lokacin da ake saɓa kyamara a kafaɗa kamar buhun gero. Shi muke kira Baba mai hoto. Bayan mun shafe watanni a kan buga rubutu da tsara lissafi, sai aka yi shawara a koma ga tace bidiyo, domin babu ɗayanmu da wayarsa ba ta cika da bidiyon suna ko ɗaurin aure ko hawan salla ba, kuma babu wanda ya taɓa zama ya sake kallon ko ɗaya daga farko har ƙarshe.

Makonni biyu na farko a gardama suka tafi, kuma gardamar ba ta wuce wace manhaja za a yi amfani da ita ba. Samarin cikinmu sun ce babu dalilin taɓa kwamfuta tunda ga CapCut da KineMaster a waya, kuma ba su yi ƙarya ba in dai abin da ake so shi ne gutsuren minti 1 da za a ɗora a TikTok ko WhatsApp. Amma waya tana zafi, wurin ajiyarta yana cika, kuma yatsa ba ya yanka daidai inda ido yake so idan aikin ya kai na sa'a guda. Baba mai hoto kuwa Windows Movie Maker yake ta ambato da kewa, manhajar da Microsoft ya fara fitarwa a 2000, wadda kusan duk wanda ya yi amfani da Windows XP ya taɓa wasa da ita. Sai da muka sanar da shi cewa kamfanin ya janye ta tun farkon 2017, kuma Clipchamp ce ta maye gurbinta a Windows 11. Wani ɗalibi ya kawo kwafin sata na wata manhaja mai tsada a filas, muka hana shi sakawa, domin ban da batun haƙƙin mai ita, irin wannan kwafi shi ne babbar ƙofar da bairos yake bi ya shiga kwamfuta, kuma kwamfutocin nan da su mai shago yake neman abincinsa ranakun mako.

Mun gwada DaVinci Resolve, wadda kamfanin Blackmagic Design yake bayar da wani nau'inta kyauta, kuma da ita manyan masu fim suke gyaran launi. Ƙarfinta ya fi ƙarfin injinanmu, domin an gina ta ne don kwamfuta mai katin hoto na musamman da ram da yawa, wato wurin da kwamfuta take riƙe aikin da take kan yi, mu kuwa mafi yawan namu gigabayit 4 ne. A ƙarshe muka tsaya a kan Shotcut da Kdenlive. Dukkansu kyauta ne, ba sa liƙa tambarinsu a jikin bidiyo, ba sa neman intanet kafin su yi aiki, kuma suna da dabarar da ta cece mu, wato wakilin fayil. Manhajar tana ƙirƙirar ƙaramin kwafi marar nauyi na kowane bidiyo, a kansa za ka yi duk yanke-yankenka ba tare da kwamfutar ta tsaya tana nishi ba, sai a lokacin fitar da aiki ta koma ta ɗauko na asali mai kyau. Layin da ake jera gutattsarin bidiyo a kansa kuwa, tela ne ya fara ce masa tabarma, kuma sunan ya zauna har yau.

Daga nan muka shiga matsalolin da babu tallan manhaja da ke ambatonsu. Wata ɗaliba ta kawo bidiyon walimar saukar ƙanenta da ta ɗauka a 4K, tana ganin ta yi abin kirki, ba ta san cewa hoto ɗaya na 4K yana ɗauke da ɗigo ninki 4 na hoton 1080p ba, alhali a wayoyi za a kalli abin. Wani kuma ya jera bidiyonsa tsaf, amma da aka kai minti na 10 sai bakin liman ya riga muryarsa. Dalilin shi ne wayoyi da yawa ba sa riƙe adadin hotuna ɗaya a kowace daƙiƙa, suna ƙarawa suna ragewa gwargwadon haske da nauyin aiki, kuma hakan yana iya rikita manhajar tacewa. Maganinsa shi ne a fara bi da fayil ɗin ta manhajar HandBrake mai sauya tsarin bidiyo a mayar da adadin tsayayye kafin a shimfiɗa shi a tabarma. Baba mai hoto ne ya warware mana wata matsalar ta dabam, wato layukan duhu masu rawa da suke bayyana a bidiyon da aka ɗauka ƙarƙashin wasu fitilun ɗaki. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi kuwa galibi a kan hoto 30 suke zuwa, wanda ya dace da ƙasashe irin su Amurka masu juyi 60. Ya ce duk wanda wayarsa ta yarda, ya mayar da ita hoto 25, kamar yadda talabijin ɗinmu yake tun asali.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wato haruffa masu lanƙwasa. Na rubuta taken wani bidiyo da wani salon rubutu mai ado, da na fitar da shi sai na tarar ƙ da ɗ da ɓ duk sun zama akwatuna. Mutane da yawa a nan suke haƙura su cire lanƙwasar, sai ƙofa ta koma kofa, ɗaki ya koma daki, abin da ni ba na yarda da shi a aikin da za a ajiye wa jikoki. Salon rubutu irin su Noto Sans da DejaVu Sans da Andika suna da haruffanmu cikakku, kuma kyauta ne. Batun sauti kuwa gajere ne: manhajar tace sauti ta Audacity tana iya rage gurnanin janareta, amma muryar da ta fashe saboda mai ɗauka ya tsaya a gindin lasifika babu manhajar da za ta ɗinke ta yadda take.

Ana cikin haka ne Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta ji labarin abin da muke yi. Na je gaishe ta wata Juma'a, sai ta buɗe akwatinta ta fito da wani kaset na VHS a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta ce bikin babbar 'yarta ne, kuma rabonta da ganinsa tun da injin bidiyonsu ya mutu. Ta ce, "Ɗan nan, in dai wannan kwamfutar taku tana da amfani, ka fito mini da mutanen da ke ciki." Na karɓa hannu bibbiyu, na ce in Allah ya yarda.

Samun injin da zai kunna shi ya fi komai wuya. An daina ƙera irinsa gaba ɗaya tun 2016, lokacin da kamfanin Funai na Japan ya rufe layinsa na ƙarshe, saboda haka sai wanda ya rage a hannun mutane. Baba mai hoto yana da guda ɗaya a ƙarƙashin gado. Ya kawo shi a bayan babur, ya kwance murfin, ya hure ƙurar hunturu ta shekaru, sannan ya jiƙa farar takarda da sifirit ya dafa ta a jikin gangar kan injin yana juya ta a hankali da yatsa, yana gargaɗinmu kada wanda ya kusanto da auduga domin zarenta yana maƙalewa ya karya kan. Kafin ya saka kaset ɗin sai da ya ɗaga murfin gabansa ya duba ko farin fumfuna ya kama zaren, sannan ya tura shi ƙarshe ya dawo da shi farko don ya saki jiki. Muka haɗa wayoyin nan uku, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, zuwa wata 'yar na'ura mai shiga ramin USB. A nan samari suka koyi haƙuri, domin ba a kwafar kaset kamar yadda ake kwafar fayil: kaset na sa'a 3 sai an zauna sa'a 3 yana tafiya. A gwajin farko an ɗauke wuta muna tsakiya, dole muka sake daga farko a Asabar ta gaba da janareta a kunne tun daga bisimilla.

Da aikin ya dawo hannuna sai na zuba masa duk abin da na koya. Na bar hoton a siffarsa ta 4:3, ban miƙe shi ya cika faffaɗan allo ba, domin miƙewa tana mayar da siraran mutane gajeru masu faɗi. Na ɗan ɗaga haske, na rage shuuu ɗin da ke bayan sauti, sannan na kama almakashi. A ƙungiya mun yi ta nanata cewa gwanin tacewa shi ne wanda bai ji tsoron yankewa ba, kuma har yanzu ina kan wannan ra'ayi a mafi yawan ayyuka. Na cire duk inda kyamara take rawa, duk inda mai ɗauka ya manta da ita a kunne tana kallon ƙasa, duk inda babu abin da ke faruwa sai zirga-zirgar mata a tsakar gida. Na bar kamu, na bar ɗaurin aure, na bar kai amarya da buɗar kai. Kusan sa'a 3 ta koma minti 25, da take mai kyau da sunan Allah a farko. 'Yan ƙungiya maza ba su kalli sashen mata ba, domin ƙa'idarmu ce cewa bidiyon cikin gida mai shi kaɗai yake zama a kansa, kuma ba a barin kwafinsa a kwamfutar shago. Sun dai ga ɗaurin auren, sun yaba.

Na kai wa Gwaggo ranar Lahadi, na ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunno, jikoki suka kewaye ta. Ta kalla har ƙarshe tana kiran sunayen mutane, wannan ya rasu, wannan yana Daura, wannan ita ce ta yi wa amarya lalle. Da ya ƙare ta yi shiru, sannan ta ce, "Sannu da aiki, Allah ya yi maka albarka. To amma ina Inna?" Na ce ai Inna ta fito a wajen kai amarya. Ta ce ba wannan ba, akwai inda Inna take zaune a bakin murhu tana rabon tuwo, tana yi wa yara faɗa. Nan take na gane wurin. Yana cikin abin da na fara jefarwa, domin hayaƙi ya rufe rabin hoton, mai ɗauka yana tafiya, kuma tsohuwar ta juya wa kyamara baya. Inna ita ce kakata, mahaifiyar Gwaggo da mahaifina, kuma a duk kaset ɗin wannan ne kaɗai wurin da aka ji muryarta.

Abin da ya rufa mini asiri shi ne yadda waɗannan manhajoji suke aiki. Ba sa taɓa fayil na asali, suna rubuta umarni ne kawai cewa a ɗauko daga nan zuwa nan, saboda haka duk abin da na yanke yana nan a kwance a cikin rumbun kwamfutar. Da a zamanin Baba mai hoto ne, lokacin da ake tacewa daga kaset zuwa kaset kuma a sake ɗaukar wani biki a kan na farko don tsimin kuɗi, da maganar ta ƙare. Da na ba shi labari a Asabar ta gaba bai yi mamaki ba. Ya ce a shekarun da ya yi yana wannan sana'a, ango da amarya ne suke biyan kuɗi, amma waɗanda suke dawowa neman kaset bayan shekaru ba ango da amarya suke nema a ciki ba. Tun daga ranar muka ƙara ƙa'ida a littafin ma'aji, a shafin baya: duk aikin da aka yi wa wani gida za a miƙa shi kashi biyu, tataccen da za a kalla da kuma cikakken da ba a taɓa ba, a filas biyu dabam-dabam, kuma in za a tura wa dangi ta WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, wadda take ɗaukar har gigabayit 2, don kada a matse hoton ya dushe.

Na mayar da wurin murhun, daƙiƙa 40 da 'yan kai, ban gyara haskensa ba, sai dai na ɗaga sautin kaɗan. A ciki Inna tana cewa wani yaro ya ajiye kwanon nan ya je ya wanke hannu, kuma yaron da ke tsaye da kwano, da ƙaton wando da kai a aske, ni ne. Gwaggo ta sa na maimaita wurin sau 4, sannan ta aiki jikarta ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ji. Kafin in tafi ta sake buɗe akwatin ta fito da wasu kaset 2, ɗaya na suna, ɗaya kuma babu rubutu a jikinsa, ita ma ba ta tuna abin da ke ciki ba. Baba mai hoto ya duba su ya ce marar rubutun ya kama fumfuna a gefe guda, sai an kwance shi an share da hannu kafin ya kusanci injinsa, kuma ya sa mana Asabar mai zuwa, in an sayi mai.