Abin da na gano a zanen Peanuts da na kwaikwaye shi da alƙalami da tawada

Charles Schulz ya fara fitar da zanen barkwancinsa mai suna Peanuts ranar 2 ga Oktoba, 1950, a jaridu bakwai na Amurka, kuma bai ajiye alƙalami ba sai da ciwo ya ci ƙarfinsa. Na ƙarshe ya fito ranar 13 ga Fabrairu, 2000, kwana ɗaya bayan rasuwarsa. Tsakanin nan da can ya zana 17,897, duk da hannunsa, har rubutun maganganun da ke ciki, ba tare da mataimaki ba. Wannan ne ya sa zanen ya dace da mai son bin diddigi: duk canjin da ka gani daga shekara zuwa shekara, hannun mutum ɗaya ne ya yi shi.

Idan karantawa kawai ake yi, ido kan ɗauki maganar, ya yi dariya, ya wuce. Ƙananan abubuwan ba sa fitowa sai an sa hannu an kwaikwayi zanen. Ga yadda nake yi.

Da farko ina zaɓar yaro ɗaya daga cikin yaran da ke cikin zanen, in samo shi a shekaru shida: 1950, 1955, 1965, 1975, 1985 da 1995, yana tsaye iri ɗaya a kowanne, ko dai yana fuskantar mai karatu ko ya ba da gefe. Kundin da kamfanin Fantagraphics ya buga daga 2004 zuwa 2016, littafi 26, shi ne ya fi amfani, domin baƙi da fari ne kuma a jere yake bisa kwanan wata. A guji waɗanda aka shafa wa launi daga baya ake yaɗawa a intanet, launin yana cinye siraran layuka. A kuma guji hotunan da aka ciro daga katun na talabijin, waɗannan wasu hannaye ne suka zana su. Kowane zane na jarida yana ɗauke da wata da rana da aka rubuta da hannu a wani lungu, kamar 10-2, shekarar kuma tana kan 'yar siririyar takardar haƙƙin mallaka da aka manna a ɗaya daga cikin akwatunan da aka raba zanen a cikinsu. Da su ake tabbatar da zamanin zane.

Sai in kai su wurin fotokofi a ƙara musu girma har kan yaron ya kai santimita 5 a faɗi a dukkan shidan. Wannan yana da muhimmanci, saboda Schulz da kansa a babbar takarda yake zane, fiye da ninki biyu na abin da jarida ke bugawa. Wanda ya ce zai kwaikwaya a girman jarida, layinsa zai yi kauri, idanu su haɗe da hanci.

Kayan aikinsa sanannu ne: bakin alƙalami na ƙarfe da ake tsomawa a tawada, ƙirar Esterbrook mai lamba 914, wanda ya sayi ragowar da ke kamfanin gaba ɗaya da suka daina yi, sai takarda mai kauri da santsi ta Strathmore, da baƙar tawada. Samun wannan bakin yanzu da wuya, amma duk bakin ƙarfe mai ɗan laushi, wanda tsagarsa ke buɗewa idan an danna, zai yi aikin. Biro ba zai yi ba, kaurin layinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san rabin abin, wato tsomawa, da sharce tawadar da ta yi yawa a bakin kwalba, da sanin lokacin da alƙalami ya kusa ƙafewa. Bambancin shi ne alƙalamin kara kaurinsa na zuwa ne daga yadda aka karkata shi, na ƙarfe kuwa daga nauyin hannu.

Matsalolin da ake fara cin karo da su kusan guda huɗu ne. Sabon baki yakan zo da ɗan mai a jikinsa don kada ya yi tsatsa, tawada ba ta kama shi, sai ta taru ta zubo ɗigo guda a kan takarda. A wanke shi da sabulu a shanya kafin a fara. Takardar fotokofi mai giram 80 tana shan tawada ta yi naso, bakin kuma yana tsinko zarenta. A nemi kwali mai santsi daga giram 200 zuwa sama. Alƙalamin ja ake yi zuwa wajen jiki ko gefe, a karkace kamar rabin tsaye, idan aka tura shi gaba sai ya cije takarda ya fantsama. A lokacin hunturu kuma tawada na bushewa a kan bakin cikin 'yan mintoci, don haka a ajiye tsumma mai ɗanshi a riƙa gogewa, a ɗiga ruwa ɗigo biyu ko uku a kwalbar idan ta yi kauri. Kada a goge fensir sai an ba zane aƙalla minti 10.

Kan Charlie Brown, yaron da shi ne tauraron zanen, shi ne jarrabawa ta farko, kuma Schulz da bakinsa ya sha faɗin cewa yana da wuyar zanawa. A 1950 kan ya fi faɗi a kan tsawo, idanun kuma sun yi nesa da juna. Kafin ƙarshen shekarun 1950 ya dunƙule, idanun sun matso kusa da hanci. Duk da haka bai taɓa zama cikakkiyar da'ira ba. Idan ka ɗora takarda mai shara-shara ka zana da'ira da kamfas a kansa, za ka ga inda layin ya fita da inda ya shiga, kuma idan ka zana fuskar a cikin da'irar kamfas ɗin, yaron zai fito kamar ba shi da rai. Kunnuwa ne ke raba layin kan: ɗaya ya tashi daga kunne ya haye ƙoƙon kai zuwa ɗayan kunnen, sauran su gangaro zuwa wuya. Na fi samun kamanni idan na sa kunnuwa da hanci a tsayi kusan ɗaya, sa'annan in ja layin sama da numfashi guda. Tsayawa a tsakiya yana barin gaɓa, kuma ana ganinta.

Idanun ɗigo biyu ne kawai, amma a kai mai faɗin santimita 5, matsar da ɗigo ɗaya da milimita 2 ya isa ya sauya yaron ya koma wani. A nan ne na fi daɗewa, domin a nan Schulz ya fi nuna gwaninta. Lucy, wata yarinya a cikin zanen da ta fara fitowa a Maris na 1952, idanunta na cikin cikakkun da'irori ne, kamar a firgice take kullum. Ba a daɗe ba ya rage da'irorin suka koma 'yan layuka masu lanƙwasa a gefen kowane ido, kamar baka biyu da ake sa wa kalma a rubutu. Waɗannan layukan suka zama alamar gidansu: ƙaninta Linus yana da su, haka ma autansu Rerun. Charlie Brown ba shi da su a zaman lafiya. Sai abu ya dame shi, ko kunya ta kama shi, sa'annan su bayyana a gefen idanunsa. Ka rufe su da farar takarda a akwatin ƙarshe ka sake karantawa, za ka tarar rabin damuwar ta tafi, alhali maganar tana nan yadda take. Wajen zana su, a fara da sauƙin hannu, a ɗan danna a tsakiya, a saki a ƙarshe. Idan kaurinsu ya zo ɗaya sai su yi kama da tabarau.

Gashinsa ma haka. Mutane da yawa sun ɗauka sanƙo gare shi, amma Schulz ya ce gashin ne mai haske da aka aske ƙasa-ƙasa. Abin da ake gani shi ne 'yar murɗaɗɗiyar tsiya a goshi da wani ɗan ja a ƙeya. Ta goshin ba ta taɓa fitowa iri ɗaya sak a akwati biyu ba, saboda da gudu ake yin ta. Wanda ya bi ta a hankali zai samu siffar, ya rasa sakin hannun.

Rigar Charlie Brown mai baƙin zane mai hawa da sauka ba da ita aka fara ba. A makonnin farko farar riga ce zalla, zanen ya shigo ranar 21 ga Disamba, 1950. Ba da rula ake jan sa ba, kuma idan aka ƙara girma ana ganin gefensa ba sumul yake ba, wani wurin ma da ɗan fari da ya rage tsakanin shafe-shafen tawada. Irin wannan farin da aka bari da gangan yana cikin gashin Lucy da kunnuwan Snoopy, karen Charlie Brown. Cike su da baƙi ƙirin yana sa zanen ya yi nauyi.

Wani abin da sai mai zane ke lura da shi: kai ya kusa rabin tsawon yaron, hannuwa kuma gajeru ne ƙwarai, ba za su kai tsakiyar kansa ba. Don haka akwai motsin da ba za ka gani ba sam, akwai kuma wanda ake yi da dabara, a miƙar da hannu a wannan akwatin kaɗai ya koma yadda yake a na gaba. Katangar bulo da yaran ke jingina a kai suna hira tana magance wannan: tana ɓoye jiki, ta ba gwiwar hannu wurin zama, hannu ya kai ga haɓa ba tare da ya yi tsawo ba. A shekarun farko a bakin titi suke zama, kuma a lokacin bayan fage cike yake da kujeru, fitilu, matakala da labule. Sannu a hankali ya yi ta ragewa, har ya zama layi ɗaya na ƙasa da 'yan tsirarun ciyayi sun isa. Idon mai kallo kuma kullum a tsayin yaro yake. Shi ya sa a zanen Lahadi na watan Mayu 1954, inda Lucy ta shiga gasar golf aka ga ƙafafun manya kewaye da yaran, abin yake zama baƙo a ido. Schulz bai mai da hakan al'ada ba.

Snoopy ya fi kowa canzawa. Ya fara a matsayin ɗan kwikwiyo mai tafiya da ƙafa huɗu, tunaninsa ya fara fitowa a rubuce a 1952, ya hau rufin ɗakinsa a Disamba 1958. A farko ana zana ɗakin a karkace, ana ganin ƙofa da gefe tare. Bayan ya koma kwana a sama sai ɗakin ya zama daga gefe kawai ake nuna shi. Ka gwada zana shi kwance a kan ɗakin da aka karkata, nan take za ka ga dalili: tsinin rufin zai fito, hankali ya ƙi yarda kare zai iya kwanciya a wurin. Daga gefe kuwa rufin layi ne miƙaƙƙe, ya zama gado, ya zama teburin rubutu, ya zama jirgin sama.

Alamomin kiɗan da ke saman yaron da ake kira Schroeder idan yana buga ƙaramin fiyanonsa na gaske ne, Schulz ya kwafo su da hannu daga takardun kiɗa, yawanci na Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, har masu karanta su kan gane wane kiɗa ne. Kwaikwayon akwati ɗaya irin wannan ya fi cin lokaci a kan zana yara uku. Maganar ɗan tsuntsu Woodstock kuwa 'yan gajerun layuka ne a tsaye, amma yawansu da tazararsu na sauyawa daidai da abin da ake nufin ya faɗa. Ruwan sama ma abin a tsaya a kai ne: kowane layi da nauyin hannunsa, wasu sirara, wasu masu kauri, ba a jere kamar na rula ba, kuma yawansu ne ke nuna ko yayyafi ne ko mamako.

Tsarin akwatunan yana da nasa tarihin. Daga 1950 zanen ranakun mako akwati huɗu ne masu girma ɗaya, don jarida ta iya jera su a kwance, ko a tsaye, ko biyu bisa biyu. A Fabrairu 1988 Schulz ya bar wannan, ya koma uku, wani lokaci ɗaya dogo, ya kuma fara amfani da takardar ɗige-ɗige da ake mannawa don ba da launin toka. Na Lahadi, wanda ya fara a Janairu 1952, sahunsa na sama an yi shi ne yadda jarida mai ƙarancin fili za ta iya cire shi labarin bai lalace ba, shi ya sa sau da yawa wani ɗan wasa ne mai zaman kansa.

Zanen 1985 da 1995 su ne suka fi wuyar kwaikwayo. Bayan tiyatar zuciya da aka yi masa a 1981, rawar hannunsa ta fito fili a layukan, musamman dogaye irin na rufin ɗakin Snoopy da zagayen magana. Mai kwaikwayo yakan so ya girgiza hannu da gangan, sakamakon kuma ba ya kama, domin rawar da aka ƙirƙira tana zuwa da tazara iri ɗaya, tasa kuwa ba ta da tsari. Abin da nake yi da waɗannan shekarun shi ne in ɗora takarda mai shara-shara in sa ɗigo a inda kowane layi ya fara da inda ya ƙare, in kwatanta da na 1975. Layin yana rawa a hanya, amma ido, hanci, kunne da baki suna nan a mazauninsu, kusan ba su gusa ba. Waɗannan ɗigogin nake bi in ja layin da hannuna yadda ya saba, in bar rawar.