Yadda na raba gidanmu da ƙarar bututun hita a Bronx

Duk wanda ya taɓa zama a tsohon gida a New York ya san ƙarar nan, da sanyi ya shigo aka kunna hita sai ka ji kwam kwam kwam cikin bango kamar maƙeri ya tare a ɗakin. Namu a Bronx tsohon gini ne, da tururi ake ɗumama shi, boila, wato tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi, na ƙasa a besmen, ɗakin ƙarƙashin gini, kuma bututu ɗaya tak ke shiga kowace radiyeta, ƙarfen nan da ke ɗumama ɗaki, ta nan tururi ke hawa, ta nan ruwa ke komawa in tururin ya huce. To in ruwan nan ya samu wurin kwanciya, tururi na zuwa a guje sai ya kwashe shi ya maka a gwiwar bututu, ƙarar kenan.

Abin da ya fi taimakona shine kula da lokacin da take tashi. Tamu da boila ta fara aiki ne, kafin ɗakuna su yi ɗumi, wato ruwa ne ya kwana a wani wuri.

Na fara da radiyetar sama. Ashe ɗan hayarmu ya murɗa bawul ɗinta, makunnin da ke bakin bututun, rabi wai zafi ya masa yawa, alhali irin wannan ko dai a buɗe gaba ɗaya ko a rufe ruf, in ka bar shi rabi ruwa baya samun hanyar fita. Na ɗora mata awon magina mai ɗan ruwan nan a ciki, sai ga shi ta karkata wajen ɗan hucin iska, ɗan ƙarfen da iska ke fita ta cikinsa a ɗaya gefen, katakon daɓen ya lotsa saboda tsufa. Na jira ta huce, yarona ya ɗaga da katako a hankali don wlh abun nan nauyi gare shi, na cusa ɓallin katako ƙarƙashin ƙafafu biyun da ke gefen ɗan hucin iskan har ta ɗan sunkuyo wajen bawul. Kaɗan ake so fa.

Ƙara ta ragu amma bata tafi ba, sai a besmen na ga babban bututu ya yi ciki a tsakiya, ƙarfen da ke rataye da shi ya saki. Ƙa'ida ya gangara inci 1 a kowace ƙafa 20. Na ɗaure, na naɗe inda yake tsirara da lulluɓin fayiba. In naka farin tsohon lulluɓi ne mai garwashewa kar ka taɓa, yana iya zama asbestos, wani abu da shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu.

Boila kam filamba na kira, shi ya sauke matsin tururi daga 5 zuwa ƙasa da 2 a ma'aunin psi, ya daidaita ruwa a rabin gilashin da ke nuna yawan ruwan boila. Shi kuma ɗan haya na canja masa ɗan hucin iska da mai ƙaramin rami, zafin ɗakin ya sauka, ya bar bawul ya huta.